Tagar da Baba Mai Inji Ba Ya Rufewa

Shekara ashirin da bakwai Baba Mai Inji ya yi yana kula da injin tura ruwa a matatar ruwan bayan gari. Gajere ne, mara yawan magana, hannunsa kullum baƙi ƙirin da man inji. Matarsa takan ce da inji ya iya girki, da tuni ya kwashe kayansa ya tare a can. Amma ta san tsuntsaye ne suka riƙe shi.

Can saman ɗakin injin akwai wata 'yar taga da ba ya rufewa. Duk bazara tsattsewa biyu sukan shigo ta nan, su gyara gidansu na laka a jikin ƙarfen rufi, su ƙyanƙyashe, bayan 'yan watanni su ɓace. Ranar da suka iso, Baba yakan zaro fensir daga bayan kunne ya rubuta kwanan wata a bayan ƙofa. Wani malamin makaranta ya taɓa gaya masa cewa wannan ɗan abin da bai cika tafin hannu ba yana ƙetare teku kafin ya iso. Kwana uku Baba ya yi yana jinjina maganar. Shi da ko gidan surukansa sai ya yi tambaya, ga tsuntsu ba taswira ba direba, ya zo ya gane taga ɗaya tak a duk faɗin duniya!

Bana aka kawo sabuwar injiniya, sa'ar 'yarsa. Ta ga kashin tsuntsu a kan murfin inji, ta ce ranar Alhamis mai walda zai sa wa tagar raga. Ranar ce kuma Baba zai ajiye aiki. Ga tsattsewa sun makara da mako guda.

"Ranki ya daɗe, ɗakin da masu shi, suna hanya," in ji Baba.

"Baba, in datti ya shiga injin nan, rabin gari ne zai rasa ruwa."

Gaskiyarta ce, shi ya sa maganar ta yi masa ciwo. Akwai kuma abin da bai gaya wa kowa ba: yanar ido ta fara rage masa gani. Inji dai da kunne da tafin hannu yake gane lafiyarsa. Tsuntsayen ma shekara biyu ke nan da kunne yake tarbarsu, idan ya kashe inji da tsakar rana don ya huce.

Ranar Alhamis mai walda ya jingina tsani, ya hau da raga, injiniya tana tsaye. Sha biyu ta yi, Baba ya kashe inji. Ɗakin ya yi tsit. Can sai ga wani siririn kuka daga waje.

"Sun zo," in ji shi.

Kafin kowa ya ce uffan, wani abu ya wuce fuu ta gefen kunnen mai walda, wani ya biyo shi. Suka zaga ɗakin sau biyu, suka sauka a tsohon gidansu suna haki.

"Ikon Allah!" in ji mai walda, ya ƙanƙame tsani.

"'Yata, su nawa ne?" in ji Baba.

Injiniya ta juyo. Baba ya ɗaga kai yana murmushi, amma wata kusurwa dabam yake kallo. Nan take ta gane ba ya ganinsu.

"Biyu ne, Baba. Maƙogwaronsu ja, wutsiya kamar almakashi."

"Sun rame?"

"Sun ɗan rame."

"Dole. Tafiyar ba kaɗan ba ce."

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce wa mai walda ya sauko da ragar, ya yanko kwanon rufi ya kafa a ƙarƙashin gidan tsuntsayen don ya tare dattin.

Baba ya nufi bayan ƙofa, ya yi ta lalube da yatsa, bai sami layin ƙarshe ba. Sai ya miƙa mata fensirin. Ta rubuta kwanan watan a ƙarƙashin rubutunsa. Da ta miƙo masa fensirin, ya riga ya zuba hannuwansa a aljihu.

"Da tsakar rana ake kashe inji," in ji shi. "Baɗi ki saurara da kyau, kukansu ba ƙarfi."