Ranar da Lasifika Ta Rasa Murya

Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan ɗakin wasanni na kwalejin ya san muryarta tun kafin ya san fuskarta. Lasifika ake ce mata, kuma wallahi wanda ya raɗa sunan bai zalunce ta ba. Ita ce kocin 'yan matan ƙwallon kwando. In ta daka tsawa ta ce "Hannu sama!" har malamin lissafi da ke can saman bene sai ya tsaya da alli a hannu, ajin ya fashe da dariya.

Tun tana ƙarama haka take. Tsawo ya zo mata da wuri, har Innarta ta daina neman kujera in za a sauko da akwati daga kan kabad. Babanta mai walda ne. Da ya gaji da ganin tana jefa safa cikin kwandon wanki daga bakin ƙofa, sai ya lanƙwasa rodi ya yi zobe, ya kafa mata a bangon bayan gida. Ai kuwa ya sosa mata inda yake mata ƙaiƙayi, maƙwabta kuma suka shiga uku da dum-dum ɗin ƙwallo. Inna takan leƙo ta taga ta ce, "'Yar nan, ke dai in hannunki ya huta bakinki ya karɓa. Yaushe kunnena zai ga hutu?"

Daga makaranta wata ƙungiya ta ɗauke ta. Ba ita ta fi kowa zura ƙwallo ba, amma idonta na ganin fili gaba ɗaya, bakinta kuma ba ya ajiye abin da ido ya gani. "Bayanki! Koma gida! Miƙo!" Da wannan baki ta kai ƙungiyarsu dab da kofi. A wasan kusa da na ƙarshe ta yi tsalle, ta diro a karkace, gwiwa ta ce ƙas. Wasan ƙarshe a gadon asibiti ta ji shi, a rediyon wata nas, tana ta yi wa rediyon ihu "Koma gida!" har marasa lafiya suka kai ƙararta. Aka cinye su. Har gobe ba wanda ya isa ya raba ta da cewa da sun ji muryarta da sun ɗauko kofin nan. Gwiwar ba ta sake ɗaukar tsalle ba, ita kuwa ta rantse ba za a sake buga wasan ƙarshe ba tare da muryarta a wurin ba.

Haka ta zo kwalejin, da ɗingishi da usur a wuya. Ta tarar da ƙwallaye sun sule kamar kan tsoho, da 'yan mata masu tsoron ƙwallo ta karya musu farce. Ta fara daga tushe. An ajiye mata kujera a bakin fili, amma jakarta ce kaɗai ta taɓa zama a kai. Kowane taku ita ke kira, kowace miƙa ita ke umarni, har 'yan matan suka saba wasa da kunne ɗaya a fili ɗaya a wurinta. Shekara na bin shekara, ana fitar da su tun a zagayen farko, sannan na biyu, sai ga shi bana, Allah mai iko, sun kai wasan ƙarshe na kwalejoji.

Murna ta sa a wasan kusa da na ƙarshe ta yi ihun da ba ta taɓa yi ba. Safiyar wasan kofi ta buɗe baki za ta gaida Inna, wadda ta zo musamman don kallo, sai iska kawai ta fito. Ta sake gwadawa. Ko ƙis! Aka kawo ruwan ɗumi, aka kawo zuma, aka kawo citta, duk a banza. Likitan kwaleji ya haska maƙogwaron ya girgiza kai.

"Koci, kin gurje shi. In kika matsa yau, za ki iya rasa muryar gaba ɗaya."

Ta fito. Tsoro ya kama ta, irin wanda rabonta da shi tun gadon asibiti. Ga ta dai za ta tsaya a bakin fili, amma a ganinta da ita da babu duk ɗaya ne.

Ɗakin wasa ya cika maƙil, ana buga benci ana tafi. Aka jefa ƙwallo sama, abin da take gudu kuwa ya faru. Yarinya za ta karɓi ƙwallo, maimakon ta dubi kwando sai ta waigo ta dubi Koci. Kafin ta juya an fizge. Lasifika tana ɗaga hannu, tana buga ƙafa, tana nuni kamar mai ba motoci hannu, ba wadda ta gane. Aka tafi hutun rabin lokaci an ba su rata mai nisa.

A ɗakin canza kaya suka zauna, kowa na haki. Lasifika ta buɗe baki, hawaye ne suka fito a madadin magana. Sai daga can lungu aka ji:

"Ke Doguwa! Hannun nan lalle kika sa masa? Ɗaga shi sama!"

Muryar Koci ce sak, har da ɗan karyewar da take yi a ƙarshe. Lasifika ta waiga a firgice. Wa za ta gani? Ruwan Sanyi, 'yar wasan da ke taho musu da ƙwallo daga bayan fili, wadda ko sallamarta sai an kasa kunne. Yarinyar ta rufe baki da hannu, sauran suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Doguwa, wadda ta fi su tsawo kuma ta fi su rashin kunya, ta ce, "Koci, ki yi haƙuri, asiri ya tonu. Kullum a ɗakin kwana sai ta kwaikwaye ki. Har ɗingishin tana yi. Ba abin da kike faɗa da ba ta haddace ba."

Da wata rana ce, da sun sha zagayen fili har sai ƙafa ta ƙi. Yau kuwa Lasifika ta kamo Ruwan Sanyi, ta dafa maƙogwaron yarinyar, sannan ta nuna mata ƙofar fili. Da suka fita, ta ɗauke jakarta daga kan kujera ta zauna. Ta zauna fa! Alƙalin wasa da ya san ta shekara da shekaru sai da ya sake waigowa.

Kai, zo ka ga wasa! "Koma gida! Bayanki! Miƙo, ba gadonki ba ce!" Muryar na tashi daga tsakiyar fili, ba wadda ta sake waigen benci. Sai sauran ma suka ɗauka, wannan ta kira waccan, waccan ta amsa. Doguwa ta tare ƙwallo a sama ta maido ta kamar mari. Rata ta dinga narkewa. 'Yan kallo suka miƙe tsaye, malamin lissafi yana kaɗa hularsa, Inna tana tafi ko a inda bai kamata ba.

Saura maki ɗaya su kamo, lokaci ya zo wuya, ƙwallo na hannun Ruwan Sanyi. Lasifika ta san abin da za ta kira: a ba Doguwa. Ta damƙe gefen kujera tana faɗa a zuci, ba Doguwa, ba Doguwa! Amma mutum biyu sun manne wa Doguwa, kuma daga cikin fili an fi ganin haka. Ruwan Sanyi ta ɗaga kai ta yi kira, wannan karon da muryarta ta kanta, siririya, wadda ba wanda ya taɓa ji da ƙarfi:

"Auta, kwana!"

Koci ba ta taɓa koyar da wannan ba. Auta, 'yar ajin farko, gajerar cikinsu, ta sulale zuwa kusurwa ba kowa a kanta. Ƙwallo ta same ta, ta saki. Ƙwallon ta daki zobe, ta yi juyi a bakinsa kamar mai shawara, ta faɗa ciki. Usur ya tashi.

Gwiwar da likitoci suka ce ta gama tsalle, ranar ta yi. 'Yan matan suka yo kanta gaba ɗaya, suka danƙa mata kofin, mai sanyi, mai nauyi fiye da yadda ta zata. Ta rungume shi tana kuka tana dariya, baki a buɗe, ba sauti. Farin ciki ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

Inna ta ratso taron da ƙyar, ta gyara mata ɗankwalin da ya zame, ta dube ta sama da ƙasa.

"'Yar nan, tun da na haife ki nake roƙon ki yi shiru. Ashe kofi ne a ciki."