Haƙar Gaiwa a Busasshen Tabki

Ban taɓa shan wuya irin ta kamun kifi ba, kuma a busasshiyar ƙasa na kama shi. In na faɗa wa yara sai su yi dariya, wai ina Damargu ta ga kifi. Ku bar su.

Bazara ce, a ƙauyenmu tsakanin Gangara da Belbeji. Daminar baya ba ta ba mu komai ba. Baba ya tafi ci-rani. Kafin ya tafi ya zuba irin gero a tulu, ya yayyafa toka, ya liƙe bakin da yumɓu, ya ce kada a taɓa ko me za a yi. Wanda ya cinye irinsa, in ruwa ya sauka sai dai ya tsaya kallon gonar mutane. Muka koma cin anza, 'ya'yan wani itacen daji. Wanda bai san anza ba ya gode wa Allah. A jiƙa, a zubar, a sake jiƙawa, ɗacin yana nan. Ni ina haɗiyewa. Ƙanwata kuwa tana ci tana amai, har wuyanta ya kasa riƙe kanta.

Wata safiya Inna ta ɗauko taɓarya ta tsaya kan tulun. Kaka, uwar Baba, ta ce ta ajiye.

"Iya, tulun zan goya in yarinyar ta mutu?" in ji Inna.

"Ba ni yinin yau. In na dawo hannu wofi, ni zan fasa miki shi."

Kaka daga kudu aka auro ta, ƙasar fadama. Ta san gaiwa, kifin nan da in tabki ya ƙafe yake nutsewa cikin laka ya kwanta da ransa har ruwa ya dawo. Dabarar ita ce a ruɗe ta: a tsiyaya ruwa a tsagar ƙasa, a ƙwanƙwasa da yatsu kamar yayyafi, sai ta yi ɗan gurnani daga ƙasa, a haƙa. To amma Kaka kunnenta ya mutu. Ta dube ni ta ce, "Tashi, angona. Ba ka noma, ba ka cefane, yau dai ka ara wa matarka kunne."

Ruwan da muka ɗauka a gora rabonmu ne na sha. Rijiyarmu sai da jaki ake janta, kuma a bazara rabi laka ce.

Tabkin ya tsattsage kamar dunduniyar tsoho. Kaka ta durƙusa ta tsiyaya, ta ƙwanƙwasa, ni kuma na kwanta na manna kunne. Ƙasar nan sai ka ce kaskon tuya. Ban ji komai ba sai bugun jinina. Muka matsa gaba. Haka muka yi ta jan gwiwa har rana ta take, fatar kunnena ta saluɓe, gora yana ta yin sauƙi a hannunta. Duk tsiyayar da ta yi ina bin ruwan da ido. Na roƙe ta kurɓi ɗaya, ta yi kamar ba ta ga bakina ba.

Wani Buzu ya biyo ta gefen tabkin a kan raƙumi. Ya tsaya yana kallonmu, ya ce, "Tsohuwa, ƙasa kike shayarwa yaro na ƙishi?" Na ce masa kifi muke nema. Ya yi tsaki, ya ce mutum da ransa ya ci abin laka, Allah ya kiyaye. Salkarsa ma a lanƙwashe take. Ya wuce.

Da ya rage ɗan kaɗan a gindin gora, Kaka ta ja ni inda tabkin ya fi zurfi, ƙarƙashin wata busasshiyar bagaruwa. Ta kurɓa, na ɗauka sha za ta yi, sai ta sunkuya ta fesa shi cikin tsagar don kada ɗigo ya ɓata a gefe. Ta ƙwanƙwasa da yatsu. Na kwanta a kan ɗaya kunnen. Can na ji wani abu kamar kukan ciki. Da farko na zaci nawa cikin ne. Na danne numfashi, ya sake yi, daga ƙasa.

Ni na haƙa, ita ta riga ta zube. Hauya na tsalle, na koma da farce. Na ciro curin laka, na fasa, ga gaiwa a naɗe cikin wata fata kamar busasshen ganye. Ba ta kai tsawon damtsena ba. Ta cije ni a yatsa, ban ko saki ba.

Inna ta dafa da gishiri da ɗan barkono. Ƙanwata ta sha romon, muka zuba mata ido. Bai dawo ba.

Yanzu rairayi ya cike tabkin, ko a damina ba ya riƙe ruwa. Yara kifin gwangwani suka sani, ruwa kuma a bido, wato jarka, daga famfo. Ban ce da ya fi daɗi ba, ƙarya ne, babu daɗin da muka ji. Tulun dai ya kai ruwan shuka da yumɓunsa, Baba da kansa ya fasa shi. Amma ran nan da yamma babu wanda ya san haka. Kaka na kwance, zazzaɓi ya rufe ta, leɓenta ya farfashe. Inna ta leƙa tukunya ta ce, "Wannan na yau da gobe ne. Jibi fa?" Ba ta mayar da taɓarya inda take ajiye ta ba.

Washegari da aka raba ruwa, na karɓi nawa ban sha ba. Na juye shi a gora, na ɗaure kunne da tsumma, na saɓi hauya na koma tabkin ni kaɗai.