Dalmar da muka narka a ɗaki

Mijina ɗan gidan zubin dalma ne. Can Sudan mahaifinsa ke zuba wa maharba harsashi, har da na ƙaramar bindiga, ya kuma sake cika kwanson da aka riga aka harba. Da muka zo Jidda, wa ya isa ya ambaci bindiga? Sai ya koma zuba dalmar fatsa, wadda masuntan unguwar Ruwais ke ɗaurawa don ƙugiya ta nutse. Yakan tsinto matattun batiran mota, ya fasa, ya narka dalmar a tsohuwar tukunya. Hannunsa na da kyau, wannan kam ba zan hana shi ba, ko da yake shi ma bai taɓa gajiya da faɗa ba.

Ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Madain Fahd. Da farko a saman bene yake aikin, iska na kwashe hayaƙin. Ni ce na sauko da shi. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu tun rasuwar kafilinsa, mutumin da ya tsaya masa a ƙasar, ga wata maƙwabciya mai dogon hanci ta fara tambayar warin mene ne wannan.

Na ce, "Malam, hayaƙin nan zai jawo a kama ka. Ka shigo ciki, in rufe taga."

Ya ce, "Halas, shi ke nan. Ki dai tanadi madara. Baba har ya tsufa madara yake sha bayan aiki, tana wanke ciki."

Haka muka yi. Taga a rufe, tsumma a ƙasan ƙofa, 'yarmu mai shekara biyu tana wasa a kan tabarmar da ƙurar dalma ke sauka. Kofi biyu na madara nake ba ta, ina ganin kaina uwa mai hankali. Yarinya ce mai surutu, Hausa da Larabci duk haɗawa take, ba ta barin kowa ya gama magana.

Ciwon ciki ya fara zuwa, sannan ƙin abinci. Daga baya kalmominta suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Muka ce baki ne. Muka yi tofi, muka yi zamzam da habbatus sauda, tukunyar kuwa tana nan tana tafasa. Sai da ta kusa shekara huɗu na kai ta asibitin kuɗi, aka gwada jini. Likitar ta tambayi aikin babanta. Na yi ƙarya sau biyu kafin in faɗi gaskiya. Ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, dalmar da ke cikin jini za mu rage. Abin da ta taɓa a ƙwaƙwalwa kuwa ba ya dawowa."

Ranar mijina ya jefar da tukunyar. Yanzu wankin mota yake. Bai taɓa cewa ni na rufe tagar ba, ni ma ban taɓa ambatar madarar babansa ba. Wani lokaci nakan so ya zage ni, ko na samu sauƙi.

Shekararta goma sha ɗaya yanzu. Na daina sa rai, ko kuwa haka nake faɗa wa mutane. Jiya ta tsaya gabana tana nuna bakinta, tana neman kalmar ruwa. Na san abin da take so sarai. Na ƙi motsawa, ina jira ko za ta faɗa, har ta fashe da kuka. Sai na tashi na ɗebo mata.