Baba Jibrin da Jirgin da Ba Direba

Duk wanda ya yi aiki a asibitinmu na unguwar Ulayya ya san Baba Jibrin, direban bas ɗin ma'aikata. Tun kafin in zo Riyad aikin jinya yake zagaye Manfuha da Gubaira da sassafe yana kwaso mu. Mutumin Gumel ne, dogo, mai farin gemu, ga faɗa kamar me. In kika makara zai zazzaga miki masifa tun daga ƙofar gida har bakin asibiti, amma ban taɓa jin ya tafi ya bar kowa ba. Ni da shi kullum sai mun yi, don ni ma bakina ba ya shiru.

Da aka buɗe jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ke tafiya ba direba, mai ginin da asibitinmu ke haya ya yi wa mudir, wato shugaban asibitin, tayi: in ya mayar masa da filin ajiye motoci, zai rage masa haya. Mudir ya tara mu ya yi dogon jawabi kan hayaƙi da tsabtar iska, har da dafa ƙirji. Gaskiya ya faɗa, ba musu, sai dai mun san ragin hayar ne ya buɗe masa ido. Aka raba mana katin jirgi kyauta, masu motoci aka yi musu ɗan ƙari a albashi in sun bar su a gida. Bas kuwa aka ce ƙarshen wata za a sayar. Baba Jibrin, da takardar zamansa ke ɗaure da aikin tuƙi, aka ce ya shirya komawa gida.

Na zaci zai tsine wa jirgin nan, don wallahi da ni ce sai na yi. Da na taɓo masa zancen, sai ya ce, "Ruqayyah, shekaruna sun kai, idona ma ya fara gardama. Khalas, ni na gama. Hajiya Khadijat ce damuwata."

Hajiya Khadijat ita ke mana shara, dattijuwa ce, da aikin take riƙe da jikokinta marayu a Azare. Ta rantse ba za ta shiga jirgin da ba direba ba. Matakalar tasha mai tafiya da kanta, kallo ɗaya ta yi mata jiri ya ɗebe ta. Lif ɗin asibiti ma ba ta shiga, da ƙafa take hawa da bokitinta. Tasi kullum ta fi ƙarfinta, don haka in bas ya tsaya ba ta iya jirgi ba, aiki ya tafi ke nan. Mun lallashe ta, mun yi mata tsiya, duk a banza.

Baba Jibrin ya ɗauki abin kamar wani ne ya sa shi. Kullum in an tashi aiki ya sauke kowa, sai ya ajiye bas kusa da tashar jirgi ta Manfuha ya shiga tashar da Hajiya. Da farko kallo kawai suke yi. Daga baya ya ce ta taka matakalar. Ba muharraminta ba ne, ba halin ya kama mata hannu, sai ya miƙa mata bakin ƙyallen da yake yafawa a kafaɗa, ta riƙe gam, ido a rufe, tana salati. Mutumin da ke yi mana tsawa kan ɗan jinkiri, shi ne ya tsaya yana hawa da sauka da tsohuwa ko tsaki bai yi ba. Ranar da na gani da idona, kunyar rashin kunyar da nake masa ta kama ni.

A cikin jirgi kuma maza marasa iyali ɓangarensu daban, don haka ta waya yake raka ta, yana kiran mata sunan kowace tasha. Ita ta ba ni labarin ranar da ta ce masa, "Malam Jibrin, to wai wa ke tuƙin nan?"

Ya ce, "Hajiya, shekara da shekaru kina shiga motata kina sharar barci. Da ni kika dogara ko da Allah?"

Ranar ƙarshe ta bas, ya ce yau ita kaɗai za ta hau, shi zai riga ta isa ya tare ta a ƙofar tashar Ulayya. Ya sauke ta a Manfuha, muka kama hanya. Ba mu yi nisa ba muka faɗa cunkoso, irin wanda ko keke ba ya ratsawa. Ya kira wayarta ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, shiru. Gumi ya jiƙa masa riga, yana ta dukan sitiyari yana cewa, "Yalla, ku matsa mana, bayin Allah! In ta fito ba ta gan ni ba, ba za ta ƙara hawa ba."

Da ƙyar muka isa. Ya diro daga bas ko ƙofa bai rufe ba, na bi shi. Sai ga Hajiya zaune a inuwa, ta miƙe ƙafa, tana kurɓar shayi a kofin takarda.

Ta ce, "Malam Jibrin, sai yanzu? Ai ni tun ɗazu na iso, har na gaji da jira. Ashe abin nan ya fi motarka sauri nesa ba kusa ba!"

Tana rufe baki ta tuna wa take gaya wa, da kuma ko wace rana ce. Ta ajiye kofin, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Baba Jibrin ya yi dariya har gemunsa na rawa, ya share gumi ya ce, "Alhamdu lillahi, Hajiya. Abin da nake jira in ji ke nan kafin in ɗaure kayana."