Gudun Safe da Karen Abokina

A shekarun da ƙasarmu ta shiga rigimar siyasa, ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Sokodé, ina zaune a gidan mahaifina a Didaouré. Sai aka shiga yajin aiki mai tsawo. Makarantu suka rufe, ofisoshi suka rufe, mu malamai muka koma zaman gindin mangwaro da rediyo a tsakiya, kowa yana fassara labari yadda ya ga dama. Gidanmu kuwa gidan mahauta ne, tukunyarmu ba ta shiga yajin aikin ba. Kafin in farga wandona ya fara matse ni. Na ɗauko tsohon takalmina na ƙwallo, na ce zan riƙa gudu da safe.

Ranar farko na fito bayan gari ya waye, na kama hanyar kasuwa da sassarfa. Wata mai koko ta hango ni, ta rufe tukunyarta ta miƙe tsaye. Wani tela da ke buɗe shago ya mayar da ƙofa ya datse. Wani dattijo a kan keke ya juya ya biyo ni yana tambaya, "Daga ina suke zuwa? Sojoji ne?"

Na ce, "Baba, motsa jiki nake yi."

Ya taka birki, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "A wannan zamanin? Allah ya shirye ka."

A lokacin duk wanda aka gani yana gudu, to wani abu ne ya koro shi. Na koma gida na ajiye takalmin.

Ana nan sai wani abokin aikina, malamin lissafi, mutumin Dapaong, ya zo yi mini sallama. Ya ce tunda babu aiki, zai je gida wajen mahaifiyarsa har ƙura ta lafa. Ya shigo zaure da wani abu a hammata, ya dire shi a gabana. Kare ne, amma irin wanda ban taɓa gani a unguwarmu ba. Tsayinsa bai wuce ƙwaurina ba, ƙafafunsa gajeru, gashi ya rufe masa ido, hancinsa a lotse kamar ya yi karo da bango. Wata Baturiya ce ta bar masa shi da za ta koma ƙasarsu. Ya ce motar da zai hau ta cika da kaya, in riƙe masa shi na ɗan lokaci. Sunan da Baturiyar ta raɗa masa babu wanda ya iya faɗa a gidanmu, don haka da fito muke kiransa.

Na yi zaton mahaifina zai kore mu, ni da karen. Ya fito ya tsaya, ya ce, "Kare a gidana?" Sai ya sunkuya ya duba da kyau. "Wannan ne karen? Ai kyanwa ta fi shi kwarjini." Ya yanke hukunci cewa zai zauna wajen garken tumaki, kada ya taka ɗaki, kada ya kusanci tabarmar salla, kuma kwanonsa daban. Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta ta kuma karɓi mulkin cikin gida, ita ba ta yarda ba. Duk sanda ya gilma sai ta tattare zaninta ta ce, "Ku janye mini wannan abin." Amma na lura ƙasusuwan da ke zuwa kwanonsa kullum da sauran nama a jiki, kuma daga madafinta suke fitowa.

Wata safiya na fita da shi da igiya don ya zaga. Na ɗan ƙara sauri, shi ma ya ƙara. Na fara sassarfa, sai ga shi a gefena, kunnuwa suna tashi, ƙafafu suna kaɗawa kamar keken ɗinki. Muka wuce mai kokon nan. Ba ta rufe tukunya ba, dariya ta yi har ta dafa benci. Telan ya ɗaga mini almakashi ya ce, "Mushe, an samu ɗalibi ke nan!" Mushe shi ne yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Nan na gane cewa mutumin da ke gudun ceton rai ba ya jan ɗan kare da igiya. Kowa ya gan mu ya san wasa ne.

Daga nan muka mai da shi aikin kullum. Mu fita daga Didaouré, mu hau kwaltar da ta nufi Sotouboua, mu yi nisa har inda gidaje suka ƙare itatuwa suka fara, mu juyo. Akwai shingen sojoji a bakin gari. Da farko sun tare ni sun tambayi takarda. Daga baya da sun hango mu sai ɗaya ya janye gangar da suka tare hanya da ita da kansa, ya ƙame ya sara wa karen. Wani dogo a cikinsu ya taɓa tambayata ko karen zai ƙara girma. Na ce iyakarsa ke nan. Ya girgiza kai cikin tausayi.

Ni dai a ganina karen yana jin daɗi. Da ya ga na ɗauko takalmi sai ya fara tsalle yana zagaya turken tumaki. In mun dawo kuwa sai ya baje a ƙasa, ciki yana sama yana ƙasa, harshe waje, ba ya ko iya ɗaga kai ya sha ruwa sai an jima. Gwaggo ce ta fara magana. Ta ce, "Kai da Allah ya ba ƙafa kamar raƙumi, za ka jera da wannan? Taku ɗaya naka, shi sai ya yi ta dama ƙasa."

Na ce, "Gwaggo, ai shi ke so."

Ta ce, "Yaro ma yana son wuta."

Na kai maganar wajen malamin da ke koyar da Alƙur'ani a zauren da ke kallon namu, don in samu mai goya mini baya. Ya saurare ni yana feƙe alƙalami, ya ce shi bai san gudun kare ba, abin da ya sani shi ne duk abin da ka ɗaura wa igiya, haƙƙinsa ya koma wuyanka. Na fito ba tare da abin da na je nema ba.

Ranar da abin ya faru, mun makara. Bazara ce, rana ta riga ta ɗaga kafin mu juyo, kwalta ta fara ɗaukar zafi. Muna shigowa gari sai na hango hayaƙin taya wajen shataletale, na ji ihu, sai ga jama'a sun ɓarko a guje sun nufo mu. Mata da kaya a ka, 'yan kasuwa, wani da akuya a kafaɗa. Idona ya fara yaji, ashe an harba barkonon tsohuwa. Na juya na zuba da gudu na gaske, irin wanda ban yi ba tun ina ɗalibi. Sai na ji igiya ta yi nauyi. Na waiwaya, na ga karen ya zauna daram a tsakiyar titi. Ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, yana wani irin haki mai ƙara kamar ana zuga wuta. Na ja, bai motsa ba. Mutane suna tsallake shi.

Na sure shi na rungume a ƙirji, na kutsa wani lungu. Wata mata da ban sani ba ta jawo ni cikin gidanta ta rufe ƙofa. Muna da yawa a tsakar gidan, kowa yana share hawaye. Matar ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna, ta ce, "Kowa ya ɗauko ɗansa, kai ka ɗauko wannan." Duk da halin da ake ciki aka yi dariya. Ta ɗebo ruwan randa ta riƙa yayyafa masa a ciki da wuya, ta zuba kaɗan a fasasshen kasko ta tura gabansa. Jikinsa zafi rau, zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna da sauri har ta ba ni tsoro. Da numfashinsa ya daidaita na juya ƙafafunsa na duba. Fatar tafin ta yi ja, wani wuri ta saluɓe.

Da gari ya yi shiru na koma gida ta lunguna, da kare a kafaɗa. Mutanen gida duk suna ƙofa suna jirana. Gwaggo ba ta tambayi lafiyata ba. Ta ce, "Ajiye shi nan." Ta shiga ta fito da man kaɗe, ta naɗa tsumma a kan kara, ta zauna nesa da shi iya tsawon karan, ta riƙa shafa masa a ƙafa tana yi mini faɗa. Kullum safe haka ta yi har ya warke, kuma har ya bar gidan hannunta bai taɓa jikinsa ba.

Bayan wani lokaci wani direba ya kawo mini saƙon abokina. Ya ce ba zai dawo kusa ba, in da hali in kai masa karensa, in kuma zo in huta. Na hau motar haya da karen a cikin kwando a cinyata. Muka haura duwatsu, muka wuce Kara, muka tsaya a Mango aka yi salla aka ci abinci. A kowane shinge sai an buɗe kwandon, kuma a kowane shinge sai an kira wani ya zo ya gani. Wata tsohuwa da ke gefena ta yi ta ba shi gutsuren wagashi, cukun nan na nonon shanu, har muka isa.

Gidan su abokina yana bayan garin Dapaong, ga rumbuna ga zabi suna ta kai-kawo. Karen na jin muryar ubangidansa ya yi tsalle daga kwando. Da na ba da labarin gudunmu, abokina ya kama ciki don dariya. "Gudu? Da wannan? Ni a kwandon babur nake ɗora shi in za mu kasuwa!"

Yayarsa likitar dabbobi ce, tana zaga ƙauyukan wajen Nano tana yi wa shanu allura. Da ta dawo da yamma ta ɗora shi a cinya, ta duba ƙafafunsa, ta buɗe bakinsa, ta saurari numfashinsa. Na tambaye ta kai tsaye ko zalunci ne a yi gudu da ƙaramin kare.

Ta ce, "Ya danganta da karen, ƙanena. Akwai ƙanana masu dogon hanci da za su gajiyar da kai. Wannan kuwa dubi hancinsa. Kare da numfashi yake fitar da zafi, shi kuma hanyar numfashin nasa a matse take. Ga shi kusa da ƙasa, zafin kwalta duk a cikinsa yake ƙarewa."

Na ce, "Amma da ya ga takalmina tsalle yake yi."

Ta ce, "Fita yake so, kuma kai yake so. Zai bi ka har ya faɗi, ba zai ce maka ya gaji ba. In za ka fita da shi, ka fita da sanyin safiya, a kan ƙasa, ka riƙe ruwa, kada ku yi nisa. Ka ɗora bayan hannunka a kwalta, in ba ka iya barinsa a kai ba, shi ma ba zai iya ba. Kuma ka bar shi ya zaɓi saurin. In ya tsaya, an gama."

Washegari da sassafe na ɗaura takalmi. Karen ya taso yana kaɗa jela. Na bar igiyar a rataye, muka bi wata 'yar hanya tsakanin gonaki. Sai na ga irin gudunsa na kansa. Ya zabura ya wuce ni, ya tsaya ya shinshina tushen dawa, ya kori wata zabuwa, zabuwar ta juyo ta kore shi, ya dawo ya ɓuya a bayan ƙafata. Muka ci gaba a haka har wajen wata kuka. Nan ya tsaya, ya dube ni, ya dubi hanya, ya juya abinsa ya nufi gida da ɗan takunsa, ko waiwaye babu. Na tsaya har na ga ya shige tsakanin rumbuna, sannan na ƙarasa gudun ni kaɗai.

Da na dawo na tarar da shi kwance a inuwa kusa da mahaifiyar abokina, tana ɓarar gyaɗa tana yi masa hira da yarensu na Moba. Ta ce mini wani abu tana dariya. Abokina ya fassara: wai tana tambaya, cikin mu biyu wanne ne ya yi karatun boko.

Na yi 'yan kwanaki a wajensu. Abokina bai koma Sokodé ba ko bayan an buɗe makarantu, ya samu aka mayar da shi wata makaranta a can gida. Karen ya zama na tsohuwar. Ita ce ke tafiya da shi gona a hankali, in ta zauna ya zauna, kuma na ji ya yi tsawon rai har gashin bakinsa ya yi furfura. Ranar da zan taho, tsohuwar ta hana ni ɗaukar kwando wayam. Ta sa aka kama zabuwa aka ɗaure mata ƙafa aka saka a ciki, ta ce in kai wa matar da ta yi jinyar ƙafafun nan. Zabuwar ta yi ta kuka tun daga Dapaong har Sokodé, fasinjoji suna ta harara ta, ni kuma ina ba su haƙuri.