Ranar da Na Kashe Intanet ɗin Gidan Inna

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, mahaifiyata ta ƙi barin gidanta na Gwandu. Ni kuwa aiki ya ajiye ni a Kalgo. Tana da hawan jini, ta kuma taɓa faɗuwa a tsakar gida ba kowa kusa. Tun daga lokacin hankalina bai sake kwanciya ba. Sai na sayi rauta mai sim, wato na'urar raba intanet a gida, da ƙaramar kyamara, na maƙala kyamarar a saman ƙofar kicin tana kallon tsakar gida. Na ce mata, "Inna, in kin ga wutar nan koriya, to ina ganinki." Ta ce to, Allah ya yi albarka.

Matsalar ita ce duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai kyamarar ta ɓace mini a waya. Na kalli wani bidiyo, mai bayanin ya ce maganin abin shi ne a sa adireshin IP na dindindin, wanda ake kira sitatik. Ni da ko talabijin sai an saita mini, ranar na ɗauki kaina injiniya. Wata Asabar na je Gwandu, na shiga saitin rautar, na cire ta daga atomatik, na kwafe lambobin mutumin yadda suke na zuba. Na ga wayfay ya cika a wayata, na yi sallama na kama hanya ina jin daɗin kaina.

Da na isa Kalgo na buɗe kyamarar a waya, baƙi ƙirin. Na ce wuta aka ɗauke. Washegari da hantsi har yanzu baƙi. Na kira Inna, waya ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na sake, shiru. Na nemi maƙwabcinta, matarsa ta tafi unguwa, shi kuma yana gona a Malisa. Ban san yadda na shiga mota ba, abin da kawai nake gani a raina shi ne Inna kwance a ƙasa.

Na faɗa gidan ko sallamar kirki ban yi ba. Sai ga ta zaune a tabarma ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, kai ba ɗankwali, ƙawarta na yi mata kitso, suna ta dariya. Wayar na can ɗaki a caji.

"Kai, lahiya? Mi ya faru?" in ji ta.

Na zauna a bakin rijiya har numfashina ya dawo.

Daga nan na koma kan rauta. Na kashe na kunna, na cire sim na goge na mayar, na duba data tana nan. Wayfay na kamawa, amma ko shafi ɗaya ba ya buɗewa. Da na gaji sai na kira abokina da ke gyaran kwamfuta a Birnin Kebbi, na karanto masa abin da na sa. Ya ce, "A wane gurbi ka sa lambobin?" Na faɗa masa. Ya yi dariya har da tari. Ya ce adireshin gurbin da na taɓa kamfanin layi ne ke ba da shi, ba mutum ke ƙirƙira ba. Wanda ya kamata in tsayar na kyamarar ne, a cikin gida. Ya sa na mayar da shi atomatik, rautar ta sake tashi, saƙonni suka fara shigowa. Wutar kyamara ta bar ja ta koma koriya.

Ina juyowa in yi wa Inna albishir, sai na ga ta miƙe da kitso rabi, ta shige ɗaki, ta fito da hijabi har ƙasa.

Na ce, "Inna, ina za ki?"

Ta ce, "Ba inda za ni. Idon ya buɗe."

Ƙawarta ce ta fayyace mini. Ta ce tun ranar da na kafa abin, Inna ba ta sake zama tsakar gida ba lulluɓi ba, ko ana tsananin zafi. Kitso ma a ɗaki ake yi. Inna ta ce a hankali, "Ni ban san wa ka kallo tare da kai ba. Ko kana ofis cikin maza. Na ga ka kashe ƙarfinka, shi ya sa ban hwaɗi ba."

Wallahi wannan ya fi gigita ni fiye da tafiyar da na yi a mota. Watanni ina ganinta da hijabi a waya, ina cewa Inna akwai son ibada. Ko sau ɗaya ban tambaye ta ba.

Na ɗauko kujera na hau na kwance kyamarar a gabanta. Rautar na bar ta, don kiran bidiyo da jikokinta. Muka yi magana da ƙawar tata ta riƙa leƙo ta safe da yamma, ni kuma in kira bayan kowace Magariba, wayar tana kusa da ita.

Har yau in na tuna sai in ji wani iri. Na yi ta neman yadda zan gan ta, ban taɓa tunanin yadda take ji da ana ganinta ba. Kafin in sauko daga kujerar nan ta riga ta cire hijabin, ta koma tabarma, ta ce wa ƙawarta, "Ƙarasa min kaina."