Jonah da Ƙwan Tsibiri

Jonah Bako, ɗan shekara arba'in da huɗu, mutumin Kagoro, shi ne mai gyaran fitilu a wani kamfani da ke kula da alamun da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Su huɗu ne a ɗakinsu a unguwar Najma, can ƙasar Larabawa inda yake aiki. Cikin fitilun da ke hannunsa akwai ɗaya a kan wani ɗan tsibirin dutse zalla, wanda ko filin ƙwallo bai kai ba.

Da korona ta zo aka rage fita teku, ya daɗe bai taka tsibirin ba. Ran da ya koma, a Oktoban 2022, bai gane wurin ba. Baƙaƙen tsuntsayen ruwa masu dogon wuya sun mamaye dutsen, kashinsu ya rufe farantin sola har fitilar ta dushe, ga ƙwai birjik a gindin tsani.

Takarda biyu aka ba shi. Ta kamfani ta ce fitila ta kama kafin jiragen ruwan da 'yan kallon gasar ƙwallon duniya za su kwana a ciki su iso. Ta hukumar muhalli ta ce kada a taɓa sheƙa lokacin kwanci. Kwantiraginsa kuwa a Disamba zai ƙare.

"Injiniya, wacce zan bi?" ya tambayi shugabansa, Muhsin.

"Duka biyun, Malam Jonah."

"Ai tsanin a tsakiyar ƙwan yake."

"To, ka yi fiffike mana. Yalla, maza je ka."

Jonah ya tuna yadda kakarsa ke kwasar ƙwan zabi da ludayi don kada uwar ta ji warin hannu ta guje. Ya sayi ludayi, ya kwashe ƙwai goma sha ɗaya, ya jera su taku biyar daga tsanin, ya hau ya goge farantin. Da ya sauko, iyayen sun dawo. Ko kallon ƙwan ba su yi ba. Kowacce ta kwanta a gurbinta na da, ba komai a ƙarƙashinta. Ya tsaya da ludayi a hannu, rana tana dukan ƙwan. Ya mayar da su, amma bai san na wa ne na wa ba. Wasu suka karɓa, wasu suka ture.

Fitila dai ta kama. Shi da kansa ya rubuta abin da ya yi a rahoto. Kamfani ya yaba masa, hukumar ta aiko da gargaɗi, aka sabunta kwantiraginsa na wata shida maimakon shekara biyu. Har yau bai san ko horo aka yi masa ko sassauci ba.

Makon jiya ya zana yadda za a mayar da tsanin ɓangaren ruwa. Muhsin ya ce wannan maganar hukuma ce. Ranar Talata Jonah ya kai musu zanen.